Ƙwaya Uku daga Tsibin Cindo

Tun zamanin da ake auna zurfin rijiya da gaba, an yi waɗansu mahaƙa biyu a ƙauyen Gangaren Kirya, Jatau da Cindo. Tare suka tashi, tare suka koyi sana'a, kuma aikin nasu kashi biyu ne. Cindo, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun dama, shi ke dafa ƙasa da hannun nan ya ce nan akwai ruwa, sannan ya tsaya a bakin rami riƙe da igiya. Jatau kuwa shi ke ɗaura igiyar a ƙugu ya sauka da dagi, ya wuni cikin duhu da taɓo. In ya ja igiya sau ɗaya, Cindo ya jawo kwandon ƙasa. In ya ja sau uku, shi kansa za a jawo.

Rijiya arba'in da ɗaya suka haƙa a garuruwan yankin, ba wadda ta hana ruwa. To amma ka tsai da kowace mace mai tulu a ka, ka tambaye ta daga ina, sai ta ce daga rijiyar Cindo. Har waƙar daka aka yi wa yatsan nan na shida, yatsan da ko tsinke bai taɓa ɗauka ba. Cindo dai ba ya gajiya da cewa, "Ni da Jatau ne," amma mutane ba sa ganin na cikin rami. Wanda ke tsaye a sama da farar riga shi suke gaisarwa, shi suke kai wa fura.

Abin nan ya daɗe yana cin Jatau. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma irin mai hana mutum jin daɗin tuwo. Suna da wata al'ada tun suna samari: kowace safiya kafin a sauka, da kowane yammaci in an fito, Cindo zai ciro goro ɗaya ya ɓare shi biyu, ya miƙa wa Jatau ɓari mafi girma. Shekara ashirin ana haka. Da farko Jatau ya ɗauke shi ƙauna. Daga baya da zuciya ta ɓaci, sai ya riƙa cewa a ransa, "Wato shi ne mai bayarwa, ni ne abin tausayi."

Wata rana da hantsi suna kan rijiya ta arba'in da biyu, a bayan gari, dagaci ya zo wucewa. Ya tsaya ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Cindo. Wannan ma taka ce, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Jatau yana gaba goma sha tara a ƙasa, taɓo har gira, maganar ta sauko masa tiryan-tiryan. Ya ɗaga dagi ya soka da duk haushin da ke cikinsa. Dagin ya shige har rabi, ƙasa ta zube, sai ga wata ƙofar tagulla a buɗe, wani koren haske yana fitowa daga cikinta.

Mai hankali igiya zai ja sau uku. Jatau kuwa kwance ta ya yi daga ƙugunsa, abin da bai taɓa yi a cikin rami ba, ya ɗaure ta a jikin dagin da ya kafe, don Cindo ya ci gaba da jin nauyi. Ya ce a ransa, "Wannan kam ni kaɗai na gani." Ya sunkuya ya shiga.

Bai yi taku goma ba ya tarar da wani aljani zaune a kan turmi, tsawonsa ya kai na giginya, da kawuna biyu a wuya ɗaya. Kan dama ya ce, "Ni ne Cika." Kan hagu ya ce, "Ni ne Mara. Mu ne masu tsaron ƙofar Birnin Tsibi. Ya kai ɗan Adam, wa ya nuna maka hanya?"

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, dagi ne ya kawo ni. Mene ne a cikin birnin?"

Cika ya ce, "Rabon kowane ɗan Adam, ƙwaya-ƙwaya, a ƙirge, kowa da tsibinsa. Wanda ya shiga ba ya fita da ƙari."

Mara ya ce, "Amma yakan fita da ragi. In kana so ka koma, ga ƙofarka."

Jatau ya ce, "Har da tsibin Cindo mai yatsu shida?"

Kawunan suka dubi juna. Mara ya ce wa Cika, "Ka ji shi. Bai tambayi nasa ba."

Suka jawo wani tulun tagulla. Cika ya ce, "Za mu zuba tsakuwa a nan. In mun gama ka gaya mana, cika ce ko mara. Cika ita ce wadda ke rabuwa biyu daidai, mara ita ce wadda ake raba ta ɗaya ta yi saura. In ka faɗi daidai ka wuce. In ka kuskure kai ma ka zama tsakuwa a cikin tulun."

Aljanin ya buɗe tafin hannu, tsakuwa ta zubo da sauri kamar ana zuba gero a ƙwarya. Da wani ne da ya rikice. Amma wanda ya shekara ashirin a gindin rijiya, kunnensa ya saba da ƙarar kowace tsakuwar da ta faɗo daga bango, domin ita ke gaya masa ko ramin zai rufta. Jatau ya rufe ido ya saurara. Da ƙarar ta ɗauke ya ce, "Mara ce. Arba'in da ɗaya."

Kan hagu ya yi dariya har ƙasa ta girgiza, kan dama ya ɓata rai. Suka ɗage ƙafa, Jatau ya bi ta ƙarƙashi.

Ya fita cikin wani fili wanda bai ga iyakarsa ba. Saiwoyin itatuwan duniya suna reto daga sama, tsuntsaye marasa idanu suna sheƙa a cikinsu. Ba rana, ba wata. Hasken wurin daga waɗansu zagayayyun huda yake zubowa, can sama, kowace tana ɗigo da ruwa. Jatau ya daɗe yana kallo kafin ya gane gindin rijiyoyi ne. Ya yi ta tafiya har ƙafafunsa suka yi nauyi, ya ratsa wani daji na ciyawar ƙarfe wadda ta yayyanka masa idon sawu, ya ɓuya a bayan dutse sa'ad da wasu kuraye masu ƙafa bakwai suka wuce suna ƙirga sawunsu da ƙarfi. Daga nan ya iso bakin wani kogi.

Kogin ba na ruwa ba ne. Rairayi ne baƙi ke gudu yana ƙugi, duk abin da ya faɗa ciki sai ya niƙe. An shimfiɗa gada ta katako talatin a kansa, a bakin gadar kuma wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya ta azurfa.

Zalɓen ya ce, "Maraba da Jatau, mai huda mana sama. Fitila arba'in da ɗaya ka kunna mana. Babu yaro ko babba a ƙasar nan da bai san sunanka ba."

Ka ce zai ji daɗi? Ina. Jatau ya taɓe baki ya ce, "A sama ake jin suna, ba a ƙarƙashin ƙasa ba."

Zalɓen ya karkata kai ya ce, "To, saurari dokar gada. Kowane katako da lambarsa, daga ɗaya zuwa talatin, kuma kowace lamba tana ɗaure da danginta. Ka ɗauki dabino shida. Za ka iya kasa su ɗaya-ɗaya, ko bibbiyu, ko uku-uku, ba saura. To ɗaya da biyu da uku su ne dangin shida. Amma ka ɗauki dabino bakwai. Duk yadda ka kasa su sai an sami saura, in ba ɗaya-ɗaya ba. Irin wannan lamba maraya muke kiranta, ba ta da kowa sai ɗaya, shi kuwa ɗaya dangin kowa ne. Katakon maraya ba a ɗaure yake da komai ba. In ka taka shi, kai da shi sai kogi."

Jatau ya tofa yawu a tafin hannu. Ya taka na ɗaya. Biyu da uku marayu ne, ya tattara ƙarfinsa ya yi tsalle zuwa na huɗu. Ya tsallake biyar, ya dira a shida. Ya tsallake bakwai, ya huta a takwas da tara da goma. Yana tafe yana kasa dabino a zuci, gumi yana zuba. Ya wuce sha ɗaya, ya wuce sha uku, ya wuce sha bakwai da sha tara. Da ya ga katako uku sun ɗauke shi lafiya, ashirin da ashirin da ɗaya da ashirin da biyu, sai ya saki jiki ya ɗora ƙafa a na ashirin da uku. Katakon ya zame ba ko ƙara. Jatau ya tafi ƙasa, hannunsa ɗaya ya cafko na ashirin da huɗu, ƙafafunsa suna reto, rairayi yana lasar duga-dugansa.

Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya ƙwala kira, "Cindo, ja!"

Ba igiya, ba Cindo. Abin da ya cece shi, ashirin da huɗu lamba ce mai dangi da yawa, biyu da uku da huɗu da shida da takwas da sha biyu duk suna riƙe da ita, ko motsi ba ta yi ba. Ya ja jiki ya hau. Da ya tsallake ashirin da tara ya sauka a ɗaya gaɓar, ba godiya ce ta fara zuwa masa ba. Haushi ne, cewa ko a bakin mutuwa sunan mutumin nan ne ya fito daga bakinsa.

A ƙofar birnin wata tsohuwar aljana ta tarye shi. Gashinta fari fat har ƙasa, tururuwan jan ƙarfe suna hawa suna sauka a cikinsa, ba sa ƙidayuwa. Ta ce, "Ni ce Uwar Tsibi. Waɗannan ma'aikatana ne, su ke ƙirga, su ke kasawa. Ya kai ɗan Adam, za ka gani da ido, za ka tambaya da baki. Hannu kuwa ka bar shi a inda Allah ya rataye shi."

Jatau ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

Suka fara da wata unguwa mai sanyi, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu tsibin ƙwaya ko ɗaya a nan, sai duwatsu baƙaƙe, manya da ƙanana, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Uwar Tsibi ta ce, "Unguwar Marayu ke nan. Tsibin da adadinsa maraya ne ba ya kasuwa, saboda haka yakan dunƙule ya zama dutse ɗaya. Ba a ɗiba, ba a ƙarawa. Masu su a duniya suna ci su kaɗai, suna dariya su kaɗai. Wasu cikinsu ma'abota dukiya ne."

Suka wuce wata unguwar, inda tsibi-tsibi na ƙwayoyi suke ƙyalli, kowace ƙwaya kamar girman dawa. Ta ce, "Waɗannan masu giɓi ne. In ka tara dangin lambarsu, ba su kai ta ba. Dubi goma: ɗaya da biyu da biyar, takwas ke nan." Suka wuce ta gaba. "Waɗannan masu yalwa ne. In ka tara danginsu sai su zarce su. Sha biyu tana da ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida, sha shida ke nan."

Daga nan suka shiga wani ɗan gida mai tsabta, tsibi huɗu kawai a zaurensa. Uwar Tsibi ta sassauta murya ta ce, "Cikakku. Danginsu daidai da su, ba giɓi ba rara. Ga mai dubu takwas da ɗari ɗaya da ashirin da takwas, ga mai ɗari huɗu da casa'in da shida, ga mai ashirin da takwas. Wannan ɗan ƙaramin kuwa ƙwaya shida ne, na wata tsohuwa mai kaɗi, wadda tun da take ba ta taɓa duban kwanon wani ba. Ɗaya da biyu da uku, shida."

Jatau bai ji batun tsohuwa mai kaɗin ba. Shida ya ji. Ya ce a ransa, "Har a nan ma yatsun Cindo ne cikakku."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni a wace unguwa nake?"

Ta ce, "Kai ba a unguwa kake ba. Biyo ni."

Ta kai shi wani rumbu mai ƙofar hauren giwa. A ciki tsibi ne bibbiyu, kowane biyu a kan tabarma ɗaya, kuma ba su da yawa. Ta tsaya a kan wata tabarma mai tsibi biyu manya, ɗaya ja kamar ƙasar rijiya, ɗaya fari. Ta ce, "Jan naka ne, ƙwaya dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da shida. Farin na Cindo ne, ƙwaya dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha shida."

Jatau bai yi makaranta ba, amma wannan lissafin nan take ya yi shi. Ya ce, "Ya fi ni da dubu ɗaya da ɗari ɗaya da ashirin."

Uwar Tsibi ta ce, "Haka ne. Yanzu ka kalli abin da ya fi wannan."

Ta girgiza gashinta, tururuwa suka zubo. Suka kewaye tsibin Cindo suna gwada shi, duk inda ya kasu ba saura sai su ɗebo farar tsakuwa daga wani kwando su tara adadin a gefe. Tsohuwar tana kira suna tarawa: "Ɗaya. Biyu. Huɗu. Takwas. Sha shida. Dubu ɗaya da ɗari ɗaya da hamsin da ɗaya. Dubu biyu da ɗari uku da biyu. Dubu huɗu da ɗari shida da huɗu. Dubu tara da ɗari biyu da takwas. Dangin Cindo ke nan, su tara." Tururuwan suka haɗe tsakuwar wuri ɗaya, suka jera ta kusa da tsibin Jatau, kowace tsakuwa gaban ƙwaya ɗaya. Da suka gama, ba tsakuwar da ta rasa ƙwaya, ba ƙwayar da ta rasa tsakuwa.

Ta ce, "Dangin Cindo in an tara su, kai ne. Yanzu a gwada naka." Aka gwada. Dangin Jatau goma sha tara ne, da aka tara su aka jera sai suka yi daidai da tsibin Cindo, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi saura ba.

Uwar Tsibi ta ce, "Irin wannan aminai muke ce musu. A cikin dubban dubbai da ƙyar ake samun biyu. Kuma ka lura, ya kai Jatau: tsibinka shi ne mai yalwa, nasa mai giɓi ne. Kai ka fi shi dangi. Girman da kake gani a nasa daga cikinka ya fito, kai kuma daga cikinsa. Shi ya sa ba rijiyar da ta taɓa hana ku ruwa, shi ya sa igiya ba ta taɓa tsinkewa da kai ba. Adadin nan shi ke riƙe da ku. Ƙwaya ɗaya ta motsa, an gama."

Magana ce wadda ko dutse aka gaya wa zai yi laushi. Jatau ya sunkuyar da kai, har ya tuna da kiran da ya yi a kan gada. Ya kusa ya ce alhamdu lillahi ya nemi hanyar gida. Amma sai ya ɗago ido, kuma idon bai sauka ko'ina ba sai a kan farin tsibin, yadda ƙololuwarsa ta ɗara ta jan da kamar kamu ɗaya. Muryar dagaci ta dawo masa: wannan ma taka ce. Waƙar dakan ta dawo masa. Ba ya son rabin dukiyar Cindo, ba ya ma son su yi daidai. So yake kawai ya san cewa akwai wani abu, komai ƙanƙantarsa, da Cindo ya rasa, shi kuma ya samu.

Tsohuwar ta juya tana mai da tururuwanta cikin gashi. Jatau ya ce a ransa, "Mai dubu goma sha takwas, me tsunkule ɗaya zai rage masa? Tsofaffi dai da tsoratarwa." Ya miƙa yatsu ya tsunkulo daga farin tsibin, ya watsa a kan nasa. Ƙwaya uku ne. Suna taɓa jan tsibin suka rine.

Uwar Tsibi ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "A sake ƙirga."

Tururuwa suka zubo. Ta ce, "Na Jatau dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da tara. Na Cindo dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha uku. A nemo musu dangi."

Aka kasa su bibbiyu, kowanne ya bar saura ɗaya. Aka kasa uku-uku, na Jatau ya bar ɗaya, na Cindo ya bar biyu. Aka gwada biyar-biyar, aka gwada bakwai-bakwai, sha ɗaya, sha uku. Jatau yana tsaye yana kallo, duk sanda aka fara sabon kashi sai ya ce wannan zai yi, duk sanda aka gama sai ga 'yan ƙwayoyi a gefe ba su da wurin shiga. Aka yi ta yi har aka kai ɗari da talatin da ɗaya. Nan tururuwan suka tsaya cik.

Uwar Tsibi ta juyo. Ba fushi a fuskarta, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Ta ce, "Babu sauran abin gwadawa. Da biyu ka ɗiba, ko huɗu, da kun rabu amma kowa da sauran danginsa. Uku ka ɗiba. Ka mai da kanka maraya, ka mai da shi maraya."

Jatau ya zube ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, na tuba. Zan mayar. Zan mayar da talatin, zan mayar da ɗari uku." Ya kai hannu kan tsibinsa, farcensa ya karce dutse. Jan tsibin ya riga ya dunƙule, yana yin baƙi daga gindi zuwa sama. Ya waiwaya, farin ma haka. Tabarmar da ke ƙarƙashinsu ta yage biyu, tururuwa suka ja kowane dutse ta ƙofa dabam.

Ya ce, "Shi me ya yi? Ni na ɗiba. A bar masa nasa."

Ta ce, "Hannunka ne ya shiga tsibinsa, ba nawa ba. Daga yau ba abin da zai sake rabuwa tsakaninku, ba aiki, ba hira, ba loma. Tashi, ana jiranka."

Ta hura masa iska a fuska. Ya buɗe ido ya gan shi a gindin rijiya. Babu ƙofar tagulla, sai falalen dutse a ƙarƙashin ƙafarsa, dagin yana kafe a ciki da igiyar ɗaure. Ya kwance ta ya ɗaura a ƙugu, ya ja sau uku. Kafin ya gama ja na ukun har an fara ɗaga shi.

La'asar ta yi sanyi. Mutane sun cika bakin ramin, mata da maza. Cindo ya naɗe igiyar a ƙugunsa da hannuwansa, tafukansa sun sale suna jini, farar rigar ta zama ta ƙasa. Wata dattijuwa mai suna Tabawa ta ce, "Kai Jatau, ka gode wa Allah ka gode wa wannan. Tun hantsi ake kira ba ka amsa ba. An ce masa ka rasu, ya saki igiya a sami mai sauka, ya ce shi yana jin nauyinka, ba zai saki ba. Ko salla a tsaye ya so ya yi."

Jatau ya san nauyin da Cindo ya wuni yana riƙewa. Dagi ne.

Cindo ya rungume shi yana dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Aboki, ka tsufar da ni yau. Me ya same ka a ciki?"

Jatau ya ce, "Dutse na tarar."

Cindo ya ce, "Dutse ai ba yau muka fara ba. Gobe ma rana ce." Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro, fari, mai kyau. Ya sa farce a tsagin ya danna. Goron bai ɓare ba. Ya sake dannawa, ya ce, "Hannun ne ya mutu." Ya miƙa wa Jatau. Jatau ya gwada, ya san ba zai yi ba tun kafin ya gwada. Aka kawo wuƙa, ta zame. Tabawa ta ciro wani daga bakin zanenta, ta ɓare shi da yatsa biyu ta miƙa wa Cindo, yana shiga tafinsa ya koma dunƙule kamar ba a taɓa shi ba.

Cindo ya daɗe yana jujjuya goron. Bai gane komai ba, kuma bai zargi kowa ba. Ya kamo hannun Jatau ya sa masa shi duka, ya ce, "To ci kai kaɗai, aboki. Kai ka sha wahalar."

Jatau ya so ƙasa ta sake buɗewa ta haɗiye shi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, maganar ta tsaya a wuya, domin ita ma abin rabawa ce.

Washegari Cindo ya dafa ƙasa da hannun nan nasa bai ji komai ba. Jatau ya sauka ya daki dutsen kwana bakwai, ko ɓarɓashi bai tashi ba. In suka zauna inuwa ɗaya sai hira ta ƙi zuwa, kowa ya rasa abin cewa, har ɗaya ya tashi. Ba faɗa, ba gaba. Kafin damina ta faɗi Cindo ya tattara kayansa ya yi gabas, yana tafe yana waiwaye, har ya tafi bai san laifin da ya yi ba. Ba a sake jin ya nuna wurin ruwa ba.

Jatau ya zauna a Gangaren Kirya har tsufa. Goron ya bushe a aljihunsa, ya kasa ci, ya kasa yarwa. Ramin nan na bayan gari kuwa yana nan, gaba goma sha tara, ko ɗigo babu. An kewaye shi da ƙaya don kada awaki su faɗa. Shi kaɗai ne a cikin arba'in da biyun ba a kira da sunan Cindo. In baƙo ya tambaya, sai a ce masa ya yi hankali da wurin, rijiyar Jatau ce.